Burtali Ba Na Shanu Kaɗai Ba Ne: Tarihin Hanyar Kowa Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma

A watan Yunin 2021, a wata hira da gidan talabijin na Arise, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ya umarci Ministan Shari'a ya zaƙulo tsohuwar gazet ta Jamhuriya ta Farko wadda ta tanadi burtalai da makiyaya. Aka yi ta cece-kuce. Masu suka da masu yabo duk sun ɗauki maganar a matsayin ta Fulani da shanunsu kawai. Mutumin ƙauye a ƙasar Kurfi ko ta Dutsin-Ma kuwa ya san cewa da damina, idan gero da dawa suka rufe ko'ina, burtali ne hanyar mai zuwa kasuwa, da ɗan makaranta, da mai jaki, da mai keke, har da masu ɗauke da gawa zuwa maƙabarta.

Burtali fili ne mai tsawo da ake bari tsakanin gonaki, a shinge gefensa da aguwa ko ƙaya, ya fita daga gari ya nufi mashaya ko daji. Ba na sarki ba ne, ba na mai gonar da ke gefensa ba ne. Al'ada ce ta kafa shi, shari'a kuma ta ƙarfafa shi. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya ƙayyade faɗin hanya da zira'i bakwai idan an yi jayayya a kanta, kuma fiƙihun Malikiyya ya hana mutum raya filin da jama'ar gari ke kiwo ko yin itace a cikinsa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya tattauna irin waɗannan hurumai. Ke nan tun kafin Turawa su ci Katsina a 1903, wanda ya ci burtali ya san abin jama'a ya ci.

Mulkin En'e ya riƙe wannan tsari, ko da yake ba don tausayi ba. Jangali yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na baitulmalin Katsina, kuma garken da ya rasa hanya a wata gunduma zai kaɗa kai ya tafi wata, ya tafi da harajinsa. Saboda haka Yandaka a Dutsin-Ma da Maradi a Kurfi, da magaddai da masu unguwannin da ke ƙarƙashinsu, suna da dalilin aljihu na hana manomi tura shukarsa cikin hanya. Manomin ma yana da nasa dalilin. Bayan girbi yana so shanu su sauka a gonarsa su bar masa taki, kuma ba za su iso ba sai ta burtali. Mai tafiya a ƙasa ya ci arzikin wannan ciniki ba tare da ya biya ko kwabo ba. Da kekuna suka yawaita, musamman Rali, wanda malamin makaranta da ɗan kasuwa suka mai da shi abin tinƙaho, su ma waɗannan hanyoyi suka bi, domin titin mota ɗaya ne, wanda ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya shiga Dutsin-Ma, ƙauyuka kuwa ɗaruruwa ne.

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda ke yamma da waɗannan garuruwa ta wajen Safana da Batsari, yana cikin wuraren farko da aka gwada tsarin, aka yi madatsun ruwa domin dabbobi. Sai dai dokar ta fi mai da hankali ga daji, wato inda shanu za su je. Ƙananan burtalan da ke tsakanin ƙauye da ƙauye an bar su a kan ƙwaƙwalwar dattawa. Kowa ya san inda suke, don haka ba wanda ya ga dalilin auna su.

Abin da ya biyo baya ya zo ne da sauri. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya sa Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, ya rage wa hakimai iko. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma damar bayar da har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, amma ba ta ce komai a kan burtali ba. Jangali ya kau; a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, Gwamna Balarabe Musa ya shelanta soke haraji da jangali a 1979. Soke jangali adalci ne, ba a musun wannan, amma ya tafi da dalilin da ke sa hukuma ta damu da hanyar shanu, kuma ba a kawo wani dalilin a madadinsa ba. Takin zamani ya rage buƙatar manomi ga garke. Madatsar Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, da noman rani da ya bazu a fadamu, sun mai da bakin ruwa gona. Mutane kuma suka ƙaru: ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8.

Ba a cinye burtali rana ɗaya. Kunya guda ake ƙarawa bana, a ƙara wata baɗi, maƙwabci na ɗaya gefen ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ƙara tasa. Hanyar da garke ke wucewa a sake sai ta koma siririya, saniya ta miƙa wuya ta ci shuka, a tafi gaban alƙali. Mai keke kuma ya sauka ya tura.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan hali, sai dai can masu tafiya a ƙasa ne suka tada ƙayar baya. A ranar 24 ga Afrilu 1932, ɗaruruwan ma'aikata, galibinsu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar 1949 ta tilasta wa ƙananan hukumomi su bi hanyoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya su sa su a taswira, kuma hanyar da ta shiga taswirar ta zama haƙƙin jama'a a gaban kotu, ko da ta ratsa tsakiyar gonar wani attajiri. Misalin da ya fi kusa yana Nijar, inda dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 suka sa burtali cikin dukiyar ƙasa. A yankin Maraɗi an kakkafa turakun siminti a gefen manyan burtalai. Ana cin iyaka a can ma, amma turke yana nan yana ba da shaida ko bayan dattijon da ya san iyakar ya rasu.

A Kurfi da Dutsin-Ma, kafin a kai ga turke sai wata masifar ta riga. Dajin da aka keɓe wa makiyaya ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma hanyoyin da suka rage su ne baburansu ke bi. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Dutsin-Ma, ya hana ɗauko itace daga daji da mota. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Manomin da kakansa ya ƙara kunya a burtali yanzu yana lissafin gonar da za a iya zuwa a dawo kafin la'asar.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, kuma maganar farfaɗo da burtalai ta sake tasowa, har yanzu a matsayin batun shanu. Dattawan da suka ga faɗin burtalan nan da idonsu a zamanin En'e sun haura shekara saba'in, kuma da yawa daga ƙauyukan yammacin sun baro gidajensu sun koma cikin gari.