Daga Gadar Kennedy zuwa hanyar filin jirgi: tarihin haɗa manyan hanyoyi a Yamai

Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa a Yamai hanya ba ta bin gari, ita ke jan shi. Duk inda hukuma ta haɗa manyan hanyoyi biyu, nan birni ke karkata.

1. Gada ɗaya, shekara 41

Lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, garin yana gaɓar hagu ta kogin Kwara ne. Mai son ƙetarawa sai ya jira kwalekwale ko jirgin fito. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita ta haɗa hanyar gabas mai zuwa Doso, Maraɗi da Damagaram da hanyar Torodi mai zuwa Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Daga nan Harobanda ta soma cika, jami'a kuma ta zauna can.

Amma gada ɗaya maƙogwaro ce: wanda ya riƙe ta ya riƙe gari. Ran 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka tare ɗalibai masu zanga-zanga a kanta, uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Sai a 2011 aka samu gada ta biyu, wadda Sin ta gina, sannan ta uku, mai sunan Seyni Kountché, a 2021.

2. Zamanin gadojin sama

Daga 2013 tsarin ya canza: aka koma warware cunkoso cikin gari. Gadar sama ta Mali Bero ce ta farko, ta Diori Hamani ta biyo a 2018. A 2019 aka buɗe hanyar gaggawa (voie express) mai tsawon kimanin kilomita 9, daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar birni, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli. Ranar taron ce ta tsaida wa'adin aikin, kuma baƙon da ya sauka daga jirgi aka fara tunawa da shi.

Kammalawa

Ba mu musanta amfanin waɗannan ayyuka ba. Abin da muke cewa shi ne, hanyar gaggawa tana haɗa wurare biyu masu nisa, tana kuma raba unguwannin da ta ratsa. Mai tafiya a ƙasa, da mai amalanke, da ɗan tebur da aka tasa daga bakin titi, su ke biyan wani kaso na saurin da mai mota ya samu. Saboda haka muna ganin ya dace ɗalibanmu su haɗa takardun ma'aikatar ayyuka da hira da mazauna unguwannin, tun waɗanda suka ga tashin suna raye.