Matuƙan Jirgin Saukar Ungulu: Daga Biyetnam Zuwa Neman Abinci

Mai karatu, yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu leƙa tarihi. Ni dai a sana'ata ta rubutu, abin da ke cin raina kullum shi ne: ina jarumi yake zuwa bayan an gama yaƙi?

A yaƙin Biyetnam, Amurka ta dogara ƙwarai da jirgi mai saukar ungulu, musamman wanda ake kira Huey. Da shi ake kai sojoji daji, da shi ake kwaso masu rauni. Matuƙan kuwa da yawansu yara ne 'yan shekara 19 ko 20, iyakarsu sakandare kamar ni, aka koya musu tuƙi a Fort Wolters ta jihar Texas, sannan aka tura su. Fiye da 2,000 a cikinsu ba su dawo da rai ba.

Wanda ya fi tsaya mini a zuciya shi ne Hugh Thompson. Ranar 16 ga Maris, 1968, yana shawagi a saman ƙauyen My Lai sai ya hango sojojin ƙasarsa suna karkashe mata da yara da tsofaffi. Bawan Allahn nan ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da mutanen ƙauye, ya ce wa yaransa in sojojin suka harbi mutanen, su ma su buɗe musu wuta. Ya sa aka kwashe waɗanda suka tsira. Sakayyarsa a gida? Zagi da barazanar kisa. Sai a 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar yabo.

Da ya bar soja a 1983, aikin da ya samu shi ne jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin da ke cikin Tekun Meziko. Wato mutumin da ya tare bakin bindiga ya koma kamar direban haya, safe ya kai, yamma ya ɗauko. Ya rasu a 2006.

Haka da yawansu suka watsu. Wasu suka kama ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti, aikin da asibitin farko ya fara a Denver a 1972. Wasu kashe gobarar daji. Wasu kuma kamfanin Bell ya ɗauke su zuwa Isfahan suna koyar da sojojin Iran, har juyin juya halin 1979 ya kore su.

Ba kowa ne ya sauka lafiya ba. Robert Mason ya yi tuƙi a can daga 1965 zuwa 1966, ya dawo da firgita da ta raba shi da jirgi. A 1981 aka kama shi da tabar wiwi a jirgin ruwa daga Kolombiya. Littafinsa, Chickenhawk, ya fito a 1983, ya yi kasuwa sosai, shi kuwa marubucin a shekarar ya shiga gidan yari.