Sayen Kaya ta Intanet da Batun Lamuni a Mazhabar Malikiyya

A wata muhawara da muka yi a Gusau, wani abokin karatu ya dage cewa sayen kaya ta WhatsApp garari ne tsantsa, tunda mai saye bai ga hajar ba; wanda ya shiga ya cutu kuma, shi ya jawo wa kansa. Ina ganin wannan ra'ayi ya zame daga mazhabar da kotunan Shari'a na Zamfara ke hukunci da ita tun shekarar 2000.

Halascin ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa magana ce da Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta rufe a 1990. Risalar Ibn Abi Zaid kuwa ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana sharɗanta biyan kuɗi tun farko, sai in kayan na kusa, ko irin wanda ba ya sauyawa, kamar gida da fili.

A nan abokin nawa ya kama ni. Ya ce ai kowace 'yar kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano sai ta ga alat kafin ta ɗaure atamfa, ashe cinikin ya ɓaci ke nan. Hujjar tana da nauyi. Sai dai malaman mazhaba sun auna kusanci da tafiyar kwana ɗaya ko biyu, motar da ta tashi daga Kano da safe kuma takan bi ta Funtuwa da Tsafe ta iso Gusau a yinin. A ganina sharaɗin biya bai rushe irin wannan ciniki ba. Kayan da ake jira daga Sin makonni kuwa, ban shigar da su cikin da'awata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lamuni, wato wanda asarar kaya ke wuyansa. Wata mata a Bungudu ta biya kuɗin leshi, aka damƙa wa direba a tasha, ƙunshin ya iso a jiƙe, launin ma ba na hoton ba ne. Amsar da ta samu ita ce kaya in ya fita ba ya dawowa. A mashahurin zancen mazhaba, hajar da ba ta nan tana wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai in an yi sharaɗin akasin haka, kuma saɓanin siffa na ba mai saye damar mayarwa. Hoton da aka ɗora shi ne siffar, direban kuma mai sayarwa ce ta zaɓe shi.