Giɓin Kasafin Kuɗin Arewa da Haɗewar Nijeriya a 1914

Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi ragamar ƙasar da aka sa wa suna Nijeriya ta Arewa. Gwamnatin Ingila ta biya kamfanin diyyar fam 865,000. Tun daga ran nan sabuwar gwamnati ta shiga wata matsala wadda ba ta rabu da ita ba har shekara goma sha huɗu, watau abin da take kashewa kowace shekara ya fi abin da take samu.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. A zamanin nan yawancin kuɗin gwamnatocin Afirka ta Yamma daga kuɗin fito yake zuwa, wanda ake karɓa a bakin teku. To, Arewa ba ta da teku. Duk ƙyalle ko gishirin da za a sayar a kasuwar Kano ko Bida, in ta Kudu ya shigo, can aka biya fitonsa, can kuma aka rubuta shi. Har wa yau, babban abin da ke cika asusun Kudu shi ne fiton barasa, ita kuwa an hana shigo da ita Arewa. Ga kuma ɗawainiyar soja, domin sai a 1903 aka ci Kano da Sakkwato. Saboda haka kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya aiko da gudummawa a cike giɓin, har ta wuce fam 400,000 a shekarar da aka ci biranen nan biyu. Kudu ma tana ba da nata kaso.

Mahukuntan London ba su ji daɗin wannan ba, gama ƙa'idarsu ita ce kowace ƙasa ta riƙe kanta. Sai Lugga ya juya ga abin da ya tarar a hannun sarakuna. Da ma talakawa suna biyan kuɗin ƙasa da zakka da jangali da kuɗin karofi da sauransu. Dokar 1906 ta nemi a tattara yawancinsu su zama haraji guda, a raba tsakanin gwamnati da sarakuna, galibi rabi da rabi. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Bature Palmer ya shirya yadda za a riƙa zuba rabon sarki a wuri ɗaya, a rubuta shiga da fita, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Wannan shi ne Baitulmali, kalmar Larabci mai ma'anar gidan dukiya, wadda malamai suka sani tun kafin zuwan Turawa. Zuwa 1911 tsarin ya bazu cikin manyan masarautu.

Duk da haka giɓin bai toshe ba. Da aka tashi gina hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano a 1907, Arewa ba ta da ƙarfin cin bashi da sunanta, sai da aka jingina da Kudu. Jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, amma kuɗin dakonta bai hana a ci gaba da kallon Arewa a matsayin mai cin gudummawa ba.

Ganin haka aka komo da Lugga daga Hong Kong a 1912, aka danƙa masa Kudu da Arewa gaba ɗaya. Ran 1 ga Janairu 1914 aka haɗe su, asusu ya zama ɗaya, bashin jirgin ƙasa ya hau kan Nijeriya duka. Gudummawar Ingila kuwa aka tsai da ita kan fam 100,000 a shekara na ɗan lokaci, sa'an nan aka yanke ta.

Mai nazarin wannan tarihi ya kamata ya lura da abu guda. Kasafi lissafi ne, abin da aka sa cikinsa shi yake nunawa. Manomin Arewa yana biyan haraji da hannunsa tun shekarun farko, alhali ba a ɗora irinsa a ƙasar Yarabawa ba sai wajen 1916, a Gabas kuwa sai 1928, har ya jawo boren matan Aba a 1929. Rabin abin da manomin nan ya biya a Baitulmali yake tsayawa, ba ya shiga lissafin gwamnati, fiton kayan da ya saya kuma a littafin Ikko yake. Wanda ya ɗauki giɓin shekarun nan hujja kan talaucin ƙasar, sai ya fara tambayar wa ya rubuta lissafin, kuma a wace tasha aka karɓi kuɗin. Gardamar rabon arziki da ta taso tsakanin jihohi tun daga 1946 daga wannan tambaya ta samo tushe.