Unguwannin Birnin Shikago

Shikago, birni na uku mafi yawan jama'a a Amurka, an raba shi zuwa yankuna 77. Masana a Jami'ar Shikago ne suka shata iyakokin 75 daga ciki a shekarun 1920, daga baya aka ƙara O'Hare da Edgewater.

Unguwanni da yawa sun sauya hannu. Pilsen ta samo sunanta ne daga wani gari na ƙasar Czech, domin 'yan can ne suka cika ta a ƙarni na 19. Yau galibin al'adunta na 'yan asalin Meziko ne. Bronzeville kuwa, a kudancin birnin, ta zama matattarar baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga jihohin kudu tun wajajen 1916. Ba da son ransu suka cunkushe a can ba: yarjejeniyoyin masu gidaje ne suka hana a sayar musu da gida a wasu unguwanni, kuma har yanzu tabon wannan wariya bai goge ba.

A titin Devon, shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan ne a jere. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna birnin sun haura miliyan 2.7.