Ruwaƙan Azhar da Masaukin Ɗalibi Baƙo

Tun kafin jami'o'in zamani su san musayar ɗalibai, birnin Alƙahira ya gane cewa baƙon da bai san inda zai kwana ba, karatu ba ya shiga kansa. Masanin tarihi Maƙrizi ya rubuta cewa a wajajen 1240 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fustaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, suka kuma ci gaba da aika mata dukiya. Daga baya masallacin Azhar ya mayar da saukar da ɗalibi baƙo tsari: kowace jama'a da ruwaƙinta, wato sashen kwana da karatu. Magaribawa da nasu, Shamawa da nasu, Turkawa, Jawawa, har da Barebari. A wancan zamanin kowane ruwaƙi yana da shehi mai kula da shi, ga gurasa da ake rabawa daga kuɗin waƙafi. Sabon zuwa yakan tarar da wanda ya ji yarensa, ya nuna masa kasuwa da malami.

Wasu za su ce wannan killacewa ce, wadda ke hana baƙo sajewa da 'yan gari, har ma takan haddasa rigima tsakanin ruwaƙai. Rigimar kam an yi ta. Amma darasi a tsakar masallaci ake ɗaukarsa, a gindin ginshiƙin malami, da Larabci, Babarbare na gogayya da Basiriye. A ganina ruwaƙi ne ya ba shi natsuwar zama a wannan da'irar karatu. Ko da aka buɗe Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban Azhar baƙi, a 1959, masauki da abinci aka fara tanadar wa ɗaliban waje.