Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Lissafi a Zamanin Su Newton

A shekarar 1727 Isaac Newton ya rasu a Ingila, shekara 40 bayan fitowar littafinsa Principia, wanda ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka wani malami Bafillatani daga ƙasar Katsina ya kama hanyar Makka. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Larabawa kuma suka san shi da Al-Kishnawi, wato Al-Katsinawi.

Ƙasar da ya fito cike take da malamai. Ban da Birnin Katsina mai hasumiyar Gobarau, akwai 'Yandoto, kusa da Tsafe, maƙwabciyar ƙasar Faskari da Ƙanƙara, wadda a lokacin take ƙarƙashin Katsina, almajirai na zuwa daga nesa neman karatu. Shi kuwa Al-Katsinawi, bayan aikin hajji ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti. A can Al-Katsinawi ya cika a 1741.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne littafin Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 a kan sirrin haruffa da hatimi. Duk wanda ya tashi a Sabuwa ko Ƙanƙara ya taɓa ganin malami ya zana gidaje a allo ya cika su da lambobi. Hatimi mai gida tara yana ɗaukar 1 zuwa 9, kuma ta kowace fuska aka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za a samu. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 kuma 175. Al-Katsinawi ya tsara ƙa'idojin cika irin waɗannan hatimai masu layi mara, yadda ɗalibi zai bi mataki-mataki ba tare da lalube ba.

Masanan Turai ma suna kan wannan matsala a lokacin. A 1691 jakadan Faransa Simon de la Loubère ya buga hanyar cika hatimin mara da ya koyo a tafiyarsa ta Siyam. A 1693 aka fitar da aikin Frénicle de Bessy, wanda ya jero hatimai 880 masu gida 16. Leonhard Euler ya shiga fagen a 1776. Su ma ba su rabu da ilmin sirri ba: Kepler ya yi wa manya duban taurari, Newton kuma ya daɗe yana bin alkimiyya.

Bambancin yana wajen yaɗa sani. Turai tana da injin ɗab'i, ga ƙungiyar masana ta Royal Society tun 1660, da mujallar da ta fara fita a 1665, inda kowa ke baje abin da ya gano a gwada a yi gyara. A nan kuwa kwafin hannu ne, daga malami sai amintaccen almajiri. Shi ya sa ɗalibin sakandare a Faskari ke haddace dokokin Newton uku, alhali manhajarsa ba ta ambaci ɗan ƙasarsa ba. Darasi ɗaya a kan hatimi mai gida tara ya isa malamin lissafi ya gabatar da Al-Katsinawi a aji.